Malaman Addini da 'Yan Mishan a Fagen Leƙen Asirin Yaƙi

Tarihin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da na 20 yana ƙunshe da wani babi wanda majami'u da hukumomin tsaro ba su cika son a buɗe shi ba, wato na limaman coci da 'yan mishan da sauran malaman addini waɗanda suka tattara wa gwamnatoci bayanan sirri, ko suka kai saƙo tsakanin ɓangarorin da ke gaba da juna, alhali jama'a suna kallonsu a matsayin masu wa'azi da jinyar marasa lafiya da karantar da yara. Masu magana a kan batun sun rabu gida biyu: wasu suna ganin kowane ɗan mishan ɗan rahoton ƙasarsa ne da ya fake da littafi, wasu kuma suna ɗaukar zancen baki ɗaya a matsayin ƙagen masu ƙin addini. Takardun da gwamnatoci suka saki bayan shekaru sun nuna cewa abin ya faru tabbas, amma a hannun 'yan tsiraru, kuma bisa dalilai da suka sha bamban ƙwarai da juna. Abin da ya haɗa su duka shi ne jarin da suka yi aiki da shi, wato amincewar da mutane suke yi wa mai rigar addini, jarin da ba mutum ɗaya ne ya tara shi ba, kuma idan ya salwanta ba mutum ɗaya ne yake asara ba.

Dokar yaƙi ta bayyana ma'anar ɗan leƙen asiri tun a yarjejeniyar birnin Hague ta 1907, inda aka ce shi ne wanda yake neman labari a ɓoye ko da yaudara a yankin ɗaya daga cikin masu yaƙi, da nufin kai wa abokin gaba, kuma ko an kama shi dumu-dumu ba a hukunta shi sai an yi masa shari'a. Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 sun ba limaman da ke tare da rundunonin soja kariya irin wadda aka ba likitoci, ta yadda ba a kai musu hari, amma kariyar tana tafiya da sharaɗin cewa ba za su yi wani aiki da zai cutar da ɗaya ɓangaren ba. Wannan sharaɗi ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu, domin Halifa Abubakar ya umarci rundunar da ya tura Sham da ta ƙyale ruhubanawa, wato masu ibadar Kirista da suka keɓe kansu a ɗakunan bauta, malamai kuma suka bayyana cewa hukuncin yana nan muddin ba su taimaka wa yaƙin da hannu ko da shawara ba. Ke nan an daɗe da fahimtar cewa alfarmar da ake yi wa mai addini a fagen fama musaya ce: ya janye daga yaƙi, yaƙi ya janye daga kansa.

Dalilin da ya sa hukumomin leƙen asiri suka yi ta kwaɗayin irin waɗannan mutane a fili yake. Ɗan mishan da ya yi shekara ashirin a wata ƙasa ya iya harshenta har da karin maganarta, ya san hanyoyi da rijiyoyi da mashigan koguna, ya san wane basarake ne ke jituwa da wane, kuma yana da dalilin tafiya wanda ba mai tuhumarsa a kai. Majami'arsa tana da hanyar aika wasiƙu da kuɗi da ke ƙetare iyakoki ko da jakadu sun nannaɗe tabarmarsu sun koma gida, sannan mutane sukan faɗa masa abin da ba za su faɗa wa jami'in gwamnati ba. Jami'in leƙen asiri da aka horar na wata shida ba ya iya samun ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ya ara daga wanda yake da su.

Afirka a zamanin mamaya

Misali mafi kusa da masu karatun tarihin Sudan shi ne na Joseph Ohrwalder, limamin Katolika ɗan ƙasar Ostiriya, wanda mabiya Mahadi suka kama a garin Dilling da ke tsaunukan Nuba a 1882. Ya yi kusan shekara goma a hannunsu, mafi yawa a Omdurman ƙarƙashin Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, har ya tsere zuwa Masar a ƙarshen 1891 tare da wasu mata biyu masu hidimar coci. Wanda ya karɓe shi shi ne Reginald Wingate, jami'in leƙen asirin rundunar Masar da Ingilishi ke jagoranta, ya tatsi duk abin da ya sani game da ƙarfin daular da rigingimun cikinta, sannan ya tsara labarinsa ya fito da shi a littafi a 1892. Littafin ya taimaka wajen shawo kan mutanen Ingila su goyi bayan sake kama Sudan, abin da ya ƙare da yaƙin Karari a watan Satumba na 1898. Ba wanda ya tura Ohrwalder leƙen asiri tun farko, fursuna ne da ya sha wuya ya faɗi abin da ya gani, amma abin da ya gani ɗin ya zama makami a hannun masu shirin mamaya.

Lamarin Charles de Foucauld ya fi wannan sarƙaƙiya. Tsohon hafsan sojan Faransa ne wanda ya ratsa Maroko a 1883 da 1884 cikin shigar malamin Yahudawa yana zana taswira a ɓoye, daga baya ya rungumi zuhudu, aka naɗa shi limami a 1901, ya je ya zauna a Tamanrasset cikin Abzinawan Hoggar a 1905. A can ya yi rayuwar talauci, ya tattara waƙoƙinsu, ya rubuta babban ƙamus na harshensu wanda har yau masana ke amfani da shi. Sai dai a lokaci guda ya ci gaba da rubuta wa hafsoshin Faransa wasiƙu, musamman abokinsa Janar Laperrine, yana sanar da su halin da ƙabilu suke ciki da motsin mabiya ɗarikar Sanusiyya bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ya gina ganuwa a garin inda aka ajiye bindigogi. A ranar 1 ga Disamba 1916 wasu mahara masu alaƙa da Sanusiyya suka kama shi a ƙofar ganuwar, aka harbe shi, makonni kaɗan kafin Kawsen, jagoran Abzinawa, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas. Cocin Katolika ya sanya shi cikin waliyyai a 2022, yayin da wasu masana tarihi ke tuna cewa a zuciyarsa hidimar Allah da hidimar Faransa ba su taɓa rabuwa ba, kuma wannan rashin rabuwa shi ne ainihin ciwon da ke cikin batun.

Sarakunan da suka ga irin wannan tafiya tare ba su buƙaci hujja a rubuce kafin su yi taka-tsantsan ba. Da Bishop Tugwell da tawagarsa, wadda Dokta Walter Miller yake ciki, suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya hana su zama ya umarce su da su bar garin, kuma kafin shekara uku ta cika sojojin Ingila sun ci birnin. Wannan ba ya tabbatar da cewa tawagar 'yan rahoto ce, amma yana nuna abin da ya sa a idon mai mulki na wancan zamani mai wa'azi da mai bindiga suka zama ayari ɗaya.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Da yaƙin 1914 ya ɓarke, masanan ƙasashen Larabawa daga cikin limamai sun tsinci kansu a sahu biyu masu fuskantar juna. Antonin Jaussen, limami Bafaranshe na makarantar nazarin Littafi Mai Tsarki da ke Ƙudus, wanda ya yi binciken kufan Mada'in Salih kafin yaƙi, ya koma aiki da sashen leƙen asirin sojan ruwan Faransa a Port Sa'id. Alois Musil kuwa, limami ɗan ƙabilar Cek wanda ya daɗe cikin Larabawan Ruwala har suka ɗauke shi nasu, gwamnatin Ostiriya ce ta tura shi ya jawo ƙabilun su tsaya tare da Daular Usmaniyya. Kowannensu ya samu ilminsa ne ta hanyar karamcin masu masaukinsa, kowannensu kuma ya miƙa ilmin ga ma'aikatar yaƙi.

Ba Kiristoci kaɗai aka yi amfani da su ba. Bayan Shaihul Islam na Istanbul ya shelanta jihadi a watan Nuwamba na 1914, Jamus ta ware sansani a Wünsdorf domin Musulmin da ta kama daga rundunonin Faransa da Ingila, ta gina musu masallaci a 1915, ta kuma kawo malamai irin su Shaihu Salihu al-Sharif na Tunis da Abdurrashid Ibrahim Batatare domin su ja hankalin fursunoni su juya wa iyayen gijinsu baya, aikin da ofishin leƙen asirin Jamus na harkokin Gabas yake tsarawa. A Yaƙi na Biyu ma Japan ta tura wani matashi, Kimura Hisao, leƙen asiri cikin rigar mai ibadar Buda ɗan Mongoliya, har daga baya ya kai Tibet, shi kuwa ba malami ba ne, rigar kawai ya ara.

Wahalar zargi kuwa ta faɗa wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. An kwashe 'yan mishan Jamusawa daga Kamaru bayan Ingila da Faransa sun ci ƙasar, sannan a ƙarshen 1917 da farkon 1918 Ingila ta kori 'yan mishan ɗin Basel daga Gold Coast, Ghana ta yau, inda suka yi kusan shekara casa'in suna gina makarantu, har sai da mishan ɗin Sikotilan ya zo ya riƙe musu aikin.

Yaƙin Duniya na Biyu

A wannan yaƙi ne lamarin ya zama tsararren aiki. Amurka ta shiga yaƙi ba ta da gogaggiyar hukumar leƙen asiri ta ƙasashen waje, sai ta kafa hukumar OSS a 1942 ƙarƙashin William Donovan, wadda ita ce tushen CIA, kuma da aka duba 'yan ƙasa masu jin Larabci da Sinanci sai aka ga da yawa daga cikinsu 'yan mishan ne ko 'ya'yansu. Masanin tarihi Matthew Avery Sutton ya bi sawun huɗu daga cikinsu a littafin da ya wallafa a 2019. William Eddy, wanda aka haifa a Saida ta Labanan a gidan 'yan mishan, shi ya shirya hanyoyin samun labari daga birnin Tanja kafin sojojin ƙawance su sauka a Arewacin Afirka a watan Nuwamba na 1942, kuma shi ne tafinta a ganawar Shugaba Roosevelt da Sarki Abdul'aziz na Saudiyya a kan jirgin ruwan yaƙi a Masar cikin Fabrairun 1945. Stephen Penrose ya yi wa hukumar aiki daga Alƙahira, daga baya ya shugabanci Jami'ar Amurka da ke Beirut, shi kuma Stewart Herman fasto ne na cocin Amurkawa a Berlin kafin ya koma ofishin hukumar a Landan. Na huɗunsu, John Birch, mai wa'azin Baptis a ƙasar Sin, ya taimaki matuƙan jiragen da suka kai wa Japan hari a 1942, ya zama hafsan leƙen asiri, kuma 'yan gurguzun Sin suka kashe shi a ranar 25 ga Agusta 1945, kwana goma bayan Japan ta sanar da miƙa wuya.

A cikin Jamus kanta akwai wani rukuni da ya yi leƙen asirin a kan gwamnatinsa. Hafsoshin da ke adawa da Hitler a cikin Abwehr, wato hukumar leƙen asirin soja, sun tura lauya ɗan Katolika Josef Müller zuwa Rum a 1939, inda saƙonsa yake bi ta hannun Fada Robert Leiber, sakataren Fafaroma Pius na 12, ya isa ga jakadan Ingila a fadar Vatican, ana neman sanin sharuɗɗan sulhu idan aka kifar da gwamnatin 'yan Nazi. Fasto Dietrich Bonhoeffer, masanin tauhidi na cocin Luther, shi ma ya shiga inuwar Abwehr, ya sadu da Bishop George Bell na Ingila a Suwidin a 1942 ya sanar da shi shirin juyin mulkin, amma gwamnatin Ingila ba ta ba su amsar da suke fata ba. An kama shi a Afrilun 1943, aka rataye shi a sansanin Flossenbürg a ranar 9 ga Afrilu 1945. A birnin Vienna kuma Fada Heinrich Maier da abokan aikinsa sun aika wa ƙawance bayanan masana'antun tankokin yaƙi da jirage da rokoki, da fatan a kai farmaki kan masana'antu a sassauta wa unguwannin jama'a, har aka kama shi aka fille masa kai a watan Maris na 1945.

Mafi munin misali shi ne na Robert Alesch, limami ɗan Luxembourg wanda ya yi aiki a wani coci a gefen birnin Paris lokacin mamayar Jamus. Yakan hau mumbari ya yi huɗuba mai zafi a kan 'yan mamaya, matasa masu gwagwarmaya su matso kusa da shi su sake da shi, wasu har su furta masa sirrinsu a matsayinsa na limami, alhali albashi yake karɓa daga Abwehr. A 1942 ya kutsa cikin wata ƙungiyar sirri mai suna Gloria, wadda marubuci Samuel Beckett yake cikinta, ya sa aka kama mutane da dama, kuma ta hanyarsa aka kama masaniya Germaine Tillion a wata tashar jirgin ƙasa a Paris, aka kai ta sansanin Ravensbrück, inda aka kashe mahaifiyarta. A dokar Katolika limamin da ya tona abin da aka furta masa a wurin neman gafara ya fita daga coci nan take, domin an san cewa idan wannan ƙofa ta ɓalle ba mai ƙara kusantar limami da damuwarsa. Faransa ta yi wa Alesch shari'a bayan yaƙi, aka harbe shi a watan Janairun 1949.

Waɗanda suka biya bashin

A watan Maris na 1943 sojojin ruwan Japan sun loda kimanin mutum 60 a jirgin yaƙi mai suna Akikaze a gaɓar New Guinea, yawancinsu 'yan mishan Jamusawa maza da mata, har da Bishop Joseph Lörks da ƙananan yara, suka kashe su a teku bisa zargin cewa suna kai wa ƙawance labari, duk da cewa Jamus ƙawar Japan ce. Bayan yaƙi zargin ya zama sandar da kowace gwamnati ke ɗauka idan tana son kawar da majami'a. Tarayyar Sobiyat ta kama Fada Walter Ciszek a 1941 a matsayin ɗan rahoton Vatican, domin ya shiga ƙasar da sunan bogi don ya yi wa'azi, bai koma Amurka ba sai 1963. Sin ta kori kusan dukkan 'yan mishan a farkon shekarun 1950, ta kuma yanke wa Bishop James Walsh ɗaurin shekara 20 a 1960. Gwamnatin Janar Abbud ta kori 'yan mishan kimanin 300 daga kudancin Sudan a 1964 tana zarginsu da taimaka wa 'yan tawaye, Nijeriya kuma ta kori limaman Katolika da dama 'yan ƙasar Ayalan a 1970 bayan yaƙin basasa, saboda rawar da suka taka a yankin Biyafara. A cikin waɗannan akwai wanda ya ɗauki ɓangare da gaske, amma akasarinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti, kuma bayan tafiyarsu mabiyansu 'yan ƙasa ne suka ci gaba da zama da tabon zargin. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, kuma kowane labari na gaskiya irin na Birch ya ba da ƙafa ga ƙage masu yawa.

Majami'un Amurka da kansu sun gane wannan haɗari. Da kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church ya binciki hukumomin leƙen asiri a 1975 da 1976, ya tabbatar da cewa CIA ta yi amfani da wasu malaman addini a ɓoye, sai ƙungiyoyin mishan suka yi ca suna neman a hana, har shugaban hukumar na lokacin, George Bush babba, ya sanar a 1976 cewa ba za su ƙara ɗaukar limami ko ɗan mishan Ba'amurke aikin sirri na biya ba. Sai dai a 1996 wani shugaban hukumar, John Deutch, ya shaida wa majalisa cewa ana iya ɗage hanin a yanayi na musamman, kuma wannan togiya kaɗai ta isa ta bar kowane ɗan mishan cikin tuhuma, tun da mai tuhumarsa ba shi da hanyar sanin ko shi ne na musamman ɗin.

Ma'aunin hukunci

Adalci ba zai yarda a zuba Bonhoeffer da Alesch a ma'auni ɗaya ba, ko da yake hukuma ɗaya ce ta riƙe sunayensu. Tambayoyin da ke raba su uku ne: amanar wa aka yi amfani da ita, wa aka yaudara, kuma wa ya ɗauki haɗarin. Bonhoeffer da Maier sun yaudari azzalumar gwamnati domin su kare waɗanda take kashewa, suka kuma biya da rayukansu. Alesch ya yaudari waɗanda suka zo wurinsa domin addini, ya sayar da su. Tsakanin waɗannan biyu ne Foucauld da Musil da Birch suke, mutanen da suka yi imani cewa ƙasarsu tana kan gaskiya, amma suka ɗauki abin da masu masaukinsu suka ba su domin zumunci suka kai inda masu masaukin ba su ba da izini ba. Ko da niyyarsu ta yi kyau, ba su nemi yardar abokan aikinsu da za a kama daga baya ba, ba su kuma nemi ta jama'ar da aka yi rahoto a kanta ba.

Saboda haka nauyin yana kan ɓangarori biyu. Gwamnatin da ta ɗauki limami ko malami aikin leƙen asiri tana cin ribar wata guda ne da asarar da al'umma za ta yi shekaru tana ramawa, shi ya sa hanin ya kamata ya zama na doka, marar togiya. Shi kuma malamin da lamirinsa ya tilasta masa shiga yaƙi, hanyar da ta fi tsabta ita ce ya ajiye muƙaminsa a fili kafin ya shiga, sai fa a yanayi irin na Jamus ta Hitler, inda yin hakan a fili daidai yake da miƙa kai da abokan aiki ga mahauta. A lokacin yaƙi al'umma tana buƙatar mutumin da ɓangarori biyu za su yarda ya ratsa tsakaninsu ya karɓo gawa, ya kai wa fursuna magani, ya ɗauki saƙon sulhu, kuma sau da yawa malamin addini ne kaɗai ya rage da ake yi wa wannan yardar. Duk wanda ya mayar da shi ɗan rahoto ya rage yawan mutanen da za su iya tsayar da yaƙin.